Tsakanin Baƙi da Fari

Hausawa suna ce wa hoton da ba shi da launi "baƙi da fari", amma duk wanda ya ɗauki irin wannan hoto ya ƙura masa ido zai tarar baƙin kaɗan ne, farin ma kaɗan ne. Galibin abin da ke cikinsa ruwan toka ne, wani mai haske kamar tokar murhun da ya kwana, wani mai duhu kamar hadarin tsakiyar damina, da matakai masu ɗimbin yawa a tsakaninsu. Da waɗannan matakai ido yake rarrabe rawani da goshi, ya rarrabe goshi da inuwar bango. Idan matakan suka zauna daidai, hoton ya fito. Idan suka cakuɗe, sai komai ya laɓe cikin komai.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mayar da hoto mai launi zuwa baƙi da fari cire launi ne kurum, kamar yadda rana take koɗar da zane. A wayar hannu ma taɓawa ɗaya ce. To, amma kafin launin ya fita dole a amsa wata tambaya: jan dara da koren ganye da shuɗin sama, wace toka za a ba kowannensu, kuma wa zai fi wani haske? Launukan ba su zo da amsa a rubuce ba. Ko dai mai hoton ya amsa da kansa, ko kuwa manhaja ta amsa masa da wani lissafi da aka ɗora mata tun wajen ƙira. Na daɗe ina gyaran hotuna a kwamfuta, na dangi da na abokai, kuma cikin kayan aikin da na saba da su babu wanda ya sa ni tunani kamar wanda ake amsa wannan tambaya da shi.

Sai mu fara daga tushe. Kowane hoto mai launi da ke cikin kwamfuta ko waya, hotuna uku ne marasa launi aka ɗora kan juna. Na farko ya ƙunshi yawan jan haske da ke kowane ɗigo na hoton, na biyu yawan koren haske, na uku yawan shuɗin haske. A hoton da aka saba, ana auna kowannensu da lamba daga 0 zuwa 255, wato matakai 256: 0 duhu ne ƙirin, 255 kuwa cikar haske. Ɗigon da lambobinsa suka kasance 255 da 255 da 255 fari ne fat. Wanda ya kasance 255 da 0 da 0 ja ne wur. Duk inda lambobin uku suka zo daidai da juna, toka ce. Waɗannan hotuna uku su zan kira magudanai, domin sun yi mini kama da magudanan ruwa uku da ke zuba cikin fangali ɗaya a lambu: magudanar ja, da magudanar kore, da magudanar shuɗi.

Wannan hikima ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1861 masanin kimiyya ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya nuna wa jama'a a Landan hoton wani ƙyalle mai ratsi-ratsi wanda Thomas Sutton ya ɗauka sau uku, sau ɗaya ta bayan jan matacin haske, sau ɗaya ta bayan kore, sau ɗaya ta bayan shuɗi. Dukkan ukun baƙi da fari ne, amma da aka haska su wuri guda, kowanne ta bayan launinsa, sai launin ƙyallen ya bayyana. Daga 1909 zuwa 1915 Sergei Prokudin-Gorsky ya zagaya daular Rasha yana ɗaukar hotuna ta wannan hanya, kuma gilasansa suna nan a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. A cikinsu akwai hoton Sarkin Bukhara na 1911, sanye da shuɗiyar riga. Wanda ya dubi kashi ukun daban-daban zai ga rigar ta yi haske a ɗaya, ta yi duhu a wani, alhali riga ɗaya ce, a zama ɗaya. Yawancin kyamarorin yau ma haka suke gani. Idon kyamarar ba ya sanin launi, yawan haske kawai yake aunawa, don haka ake lulluɓe shi da ƙananan matatai bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi.

Idan an fahimci wannan, aikin mahaɗin magudanai, wanda ake kira canal miksa da Turanci, ba shi da wuyar ganewa. Mutum yakan gaya wa manhaja cewa hoto marar launi yake so, sai ta ba shi ma'aunai uku da ake ja dama ko hagu, kowanne na magudana ɗaya. Shi zai ce a ɗebo kashi kaza cikin 100 daga ja, kashi kaza daga kore, kashi kaza daga shuɗi, a zuba su wuri ɗaya. Manhajar takan ninka lambar kowace magudana da kason da aka ba ta, ta tara, abin da ya fito shi ne tokar wannan ɗigo. Iyakar sirrin ke nan: ninkawa da tarawa, irin wanda ɗan aji huɗu yake yi a allo.

Akwai wani rabo da ya yi suna, wato 30 na ja, 59 na kore, 11 na shuɗi. Daga talabijin ya samo asali. Lokacin da aka shigo da talabijin mai launi a Amurka a 1953, an buƙaci tsofaffin akwatuna marasa launi su ci gaba da nuna hoto mai kyau, sai injiniyoyi suka auna yadda idon ɗan Adam yake jin hasken kowane launi. Ido ya fi jin kore, sannan ja, shuɗi kuwa kaɗan yake ƙara wa haske. Hukumar Sadarwa ta Duniya ta tabbatar da wannan rabo cikin ƙa'idarta mai lamba 601 a 1982, sannan a 1990 ta fito da ƙa'ida mai lamba 709 domin talabijin na zamani, inda rabon ya koma kusan 21 da 72 da 7. Akwai kuma wata hanya ta gaggawa da wasu manhajoji suke bi idan aka ce su zare launi: su ɗauki babbar lamba da ƙaramar lamba cikin ukun, su raba jimlar biyu. Ta wannan hanya rawaya tsantsa da shuɗi tsantsa toka ɗaya suke zama, wajen 128, alhali da rabon 30 da 59 da 11 rawaya takan kai 227, shuɗi ya tsaya a 28. Ido ya san rawaya ta fi shuɗi haske, amma waccan hanya ba ta sani ba.

Sai dai rabon da ya bi ido ma yana da inda yake kasawa, kuma misalin da ya fi zama mini a rai shi ne hasumiyar Babban Masallacin Agadas. Gini ne na jar ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sake gina shi a 1844. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta da hantsi, ranar da sama ta washe, abin da yake gani shi ne jar ƙasa ta ratsa cikin shuɗi. A ce, alal misali, lambobin wani ɗigo na jikin ginin su ne 180 da 120 da 80, na sama kuwa 90 da 140 da 200. Idan aka bi rabon 30 da 59 da 11, ginin zai ba da 134, sama ta ba da 132. Bambancin mataki biyu cikin 256 ido ba ya kama shi. Hasumiyar da ake hangowa daga nesa sai ta narke cikin sararin sama, itatuwan da ke jikinta da inuwarsu kaɗai za su nuna inda take. Lissafin bai yi ƙarya ba, haskensu ɗaya ne. Launi ne ya raba su, an kuwa cire launin.

A nan mahaɗin yake amfani. Idan aka ba ja kashi 70, kore 30, shuɗi 0, ginin zai hau zuwa 162, sama ta sauka zuwa 105, hasumiyar ta miƙe. Idan aka ɗauki ja zalla, 180 ne da 90. Idan kuwa aka juya aka ɗauki shuɗi zalla, ginin ya koma 80, sama 200, wato baƙar hasumiya a gaban farar sama, wani hoto daban da wani yanayi daban. Photoshop yana barin kowane ma'auni ya tafi daga 200 ƙasa da sifili zuwa 200 sama da shi, don haka ana iya ɗebewa maimakon ƙarawa. Da ja 110, kore 20, a kuma ɗebe 30 na shuɗi, ginin zai kai 198, sama ta faɗi zuwa 67, kamar hadari ya taso da rana tsaka. Hoto ɗaya ne aka ɗauka, ga shi ya haifi huɗu.

Masu hoton dā sun san wannan duka, amma su kafin ɗauka suke yanke shawara. Gilasan hoto na farko shuɗin haske kaɗai suke ji, shi ya sa a hotunan ƙarni na 19 sama take fitowa fara fat, ja da rawaya su yi duhu, fata mai ruwan ƙasa kuma ta fi yadda take duhu. A 1873 Hermann Vogel na Jamus ya gano cewa wasu rinuka suna sa gilashin ya ji kore, sannan a 1906 kamfanin Wratten da Wainwright na Ingila ya fara sayar da gilasan da ke jin dukkan launuka. Daga nan mai hoto ya sami zaɓi: ya ɗaura matacin rawaya a bakin kyamara gajimare ya fito, ko ja sama ta yi duhu, ko kore ganye ya yi haske. Dokar ɗaya ce, mataci yana haskaka launinsa, yana duhunta kishiyarsa. A 1927 Ansel Adams ya hau duwatsun Yosemite a Amurka domin ɗaukar dutsen Half Dome. Ya ɗauka da matacin rawaya, sai ya ga hakan ba zai ba shi abin da ya ji a ransa ba, ya ɗaura ja mai duhu a gilashi na ƙarshe da ya rage masa. Wannan na ƙarshen, mai sama kusan baƙa, shi ne ya shahara. Abin da Adams ya yi da gilashi ɗaya da babu na bayansa, yau ana yin sa sau ɗari a zaune, a koma baya idan bai yi ba.

Sauƙin bai kawar da ƙa'idoji ba, kuma ga waɗanda aiki ya koya mini. Ta farko, jimlar kason uku ta tsaya kusa da 100. Idan ta zarce, wuraren haske sukan ƙone, farar shadda ta rasa aikin da ke jikinta. Idan ta gaza, fari ya dusashe. Ta biyu, muddin jimlar 100 ce, mahaɗin ba ya taɓa abin da dama ba shi da launi. Farar riga da baƙin takalmi suna nan yadda suke komai jan da aka yi, tun da lambobinsu uku daidai suke. Saboda haka ne a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe sama ta yi fari-fari, babu rabon da zai duhunta ta. Jan mataci yana ratsa shuɗin dishi-dishin da ke kan duwatsu masu nisa, amma ƙurar hazo tana watsa launuka kusan daidai wa daida, ba ta bar wa mahaɗin abin kamawa ba. Ta uku, magudanar shuɗi ita ta fi yawan ɗige-ɗige kamar yashi, musamman a hoton dare ko na cikin ɗaki, magudanar kore kuwa ita ta fi tsabta da kaifi, tun da rabin idon kyamarar nata ne. Ta huɗu, hoton JPEG yakan adana haske sosai amma ya rage bayanin launi domin ya yi sauƙi, don haka idan aka matsa masa da rabo mai tsanani sai tabo mai kusurwa huɗu ya bayyana, sama ta yi layi-layi. Ɗanyen hoto irin na RAW ya fi jure ja. Ta biyar, a ajiye hoto mai launi na asali a gefe, kada a rubuta komai a kansa. Daga launi ana iya fitar da toka iri dubu, amma daga toka ba a komawa launi.

Kayan aikin sun yawaita. Tun 2007 Photoshop ya ƙara wani mai ma'aunai shida, wanda ke bin launi ɗaya-ɗaya, Lightroom yana da mai takwas, GIMP kuma, wanda kyauta ake samunsa, yana da mahaɗi mai ma'aunai uku. Masu ma'aunai da yawa suna barin mutum ya duhunta shuɗi bai taɓa kore ba, amma idan aka wuce gona da iri wani farin zare yakan fito a bakin abubuwa, inda gini ya haɗu da sama. Ni na fi son mai ukun wajen koyo, domin lissafinsa a fili yake.

Duk wannan a kan gini da sama wasa ne mai daɗi. Ranar da abin ya zama fuska, nauyinsa daban ne. Sinadarin da ke ba fatarmu launi ya fi shanye shuɗin haske, ya fi sakin ja. Har ila yau jan haske yana shiga cikin fata kaɗan kafin ya dawo, sai ya shafe tabo da ƙananan layuka. Saboda haka kowace fuska tana da haske da santsi a magudanar ja, tana da duhu da kaushi a magudanar shuɗi. A ce lambobin wani kunci su ne 110 da 75 da 55: ja zalla zai ba da 110, rabon talabijin 83, shuɗi zalla 55. Wato da jan ma'auni ɗaya ana iya ninka hasken fuska biyu. Mu kuwa mutane ne da suke da sunaye ga waɗannan matakai. Muna cewa wance baƙa ce, wance wankan tarwaɗa, wance fara ko ja, kuma kowa ya san waɗannan kalmomi ba su da nauyi ɗaya a kasuwar mayukan shafawa.

Bayan rasuwar kakata ta wajen uwa, dangi suka so a yi mata hoto babba a sa shi kusa da na kakanmu, wanda aka ɗauka tun zamanin fim, baƙi da fari. Ita ba mai son kyamara ba ce. Hoton kirki ɗaya aka samu, wanda wani jikanta ya ɗauka da waya ranar suna, kuma kafin ya iso hannuna ya yi yawo daga waya zuwa waya har ya yi rauni. Tana zaune bisa tabarma, ta ɗaura zane kore mai jajayen furanni, tafin hannunta da jan lalle, ga askar Gobirawa a kumatunta, wadda tsufa ya dusashe amma bai shafe ba.

Na buɗe magudanan uku ɗaya bayan ɗaya. A ta ja, ga wata mace mai haske da santsin fuska, wadda shekarunta suka ragu da yawa. Askar ta kusa ɓacewa, lallen ya saje da tafin hannu, furannin zanen sun yi fari. A ta shuɗi, ga tsohuwa tukuf, baƙa ƙirin, kowane layi na fuskarta ya zama kwari, ga yashi ya cika hoton. A ta kore, askar ta fito layi-layi, lallen ya yi duhu kamar ranar da aka kwance ƙunshi, fuskar ta ɗan fi yadda na san ta duhu. Da na gwada rabon talabijin sai fuskar ta dawo daidai, amma zanen ya zama fili guda, domin jan furannin da koren ƙasan haskensu ɗaya ne. In na karkata wajen ja domin furanni su fito, fatarta ta yi haske. In na karkata wajen kore, ta yi duhu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na kai wa ƙanwar mahaifiyata da yayansu gwaje-gwajen. Inna ta ɗora yatsa a kan na jan, ta ce, "Ɗan nan, wannan za ka wanke. Dubi yadda ta yi kyau." Kawu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kyau kam ta yi, amma wace ce? Ina askarta? Wanda bai san ta ba zai ce daga wani gida ta fito." Inna ta ce, "Yaya, kai tsohuwa ka tuna. Ni kuwa haka na san ta ina yarinya, tana dawowa daga rijiya." Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne mai na'ura. Wanne ne na gaskiya?" Na ce, "Kawu, duka daga hoto ɗaya suka fito, ban ƙara komai ba, ban goge komai ba." Ya ce, "To, ashe na'urar ba za ta raba mu ba."

Haka ne, ba za ta raba ba. Abin da na yi shi ne na ajiye hoto mai launin a gefe ɗaya na allon, ina duban sa ina jan ma'aunan, har fuskar tokar ta yi nauyi ɗaya da fuskar launin a idona. Na tsaya a ja 35, kore 55, shuɗi 10, kusa ƙwarai da rabon talabijin. Zanen kuwa na killace shi daban, na ba shi nasa rabon mai rinjayen ja, furannin suka fito, fuskar ba ta motsa ba. Inda inuwa ta yi yawa a gefen ido na ɗaga hasken wurin kaɗan, ban nemi hasken daga magudanar ja ba. Wannan shi aka sa kusa da na kakanmu. Inna kuma ta nemi ƙaramin na jan, na wanke mata, yana cikin jakarta. Ban ga laifinta ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa labarin da ke zuciyarta waccan fuskar ce ta yi daidai da shi. Amma hoton da jikoki da tattaɓa-kunne za su gani, waɗanda ba su taɓa jin muryarta ba, ina ganin haƙƙinsu ne su ga askar da launin da ta rayu da su.

Tun daga nan na riƙe wani ma'auni da ba ya cikin manhaja. A hoton gini ko bishiya ko hadari, ina ja yadda raina ya so, kamar yadda Adams ya yi, domin ba wanda aka zalunta idan sama ta yi duhu. A hoton mutum kuwa, tambayata ita ce ko waɗanda suka san shi za su gane shi ba tare da sun yi jim ba. Ina kuma lura da cewa saukin haskaka fata yana iya zama al'ada ba da niyya ba: mai hoto ya ga abokan ciniki suna murna da rabon ja, sai ya mayar da shi rabon kowa, a wayi gari gari guda ya yi haske a bango. Manyan masu hoton yammacin Afirka sun nuna cewa baƙar fata ba ta buƙatar wannan taimako. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo ta Zinaren Zaki a Venice a 2007, da Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar Yamai, da J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya mai hotunan kitso, duk da baƙi da fari suka yi suna. A hotunansu fata tana da duhunta, tana kuma da sheƙi da matakai, domin sun san inda za su tsayar da mutum haske ya faɗo masa.

Akwai wani abu kuma da aikin ya tuna mini game da harshenmu. Fari da baƙi da ja su ne tsofaffin ginshiƙan launi a Hausa, sauran da yawa aro muke yi daga abubuwa: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa, ruwan toka. Rigar da aka rina da shuni aka buga har ta yi ƙyalli, baƙa muke ce mata, ko da yake kyamara shuɗiya take ganin ta. A magudanar ja irin wannan riga baƙa ce wuluk, kamar yadda bakinmu ya faɗa. A magudanar shuɗi sai ta yi haske, saƙarta da sawun bugu su bayyana. Mai hoton da ya san abin da masu rigar suke gani a jikinta ya fi sanin inda zai tsayar da ma'auni.

Mai karatu da ke son gwadawa ba ya buƙatar tafiya Agadas. Ya je wurin mai kayan miya da safe, ya ɗauki hoton faifan da ke da tumatir da tattasai da koren yalo da albasa da lemon tsami. Ya buɗe magudanan uku, ya dubi kowace ita kaɗai kafin ya taɓa ma'auni. Zai ga tumatir ya yi fari a ɗaya, ya yi baƙi a wata, yalo ya yi haske a ta tsakiya, lemon da ya nuna ya haskaka a biyu ya dushe a ta ukun. Sannan ya nemi rabon da zai sa wanda bai je kasuwar ba ya iya kiran sunan kowane abu da ke kan faifan. Idan wannan ya zauna masa a hannu, sai ya matsa zuwa fuskar mai kayan miyar, bayan ya nemi izininta.